Allurar Da Ba Ta Sauka Ƙasa Da Kwata



'Yan'uwa masu karatu, yau zancen tankin mota na zo da shi, kuma ina roƙon a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, ina cewa gobe zan rubuta, goben tana ƙin zuwa, domin labari ne wanda ban fito da kyan gani a cikinsa ba.

Motar da nake magana a kanta tsohuwar Peugeot J5 ce. A da fara ce, yanzu kuwa ta ɗauki launin ƙasar Birniwa. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da irinta a 1981, ya daina a farkon shekarun 1990, saboda haka ko autar cikinsu ta haura shekara talatin a duniya. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta a hannu na biyu, kuma da ita ya ciyar da mu. Riɗi da zoɓo da kankana ta kai su Haɗejia da Maigatari da Kano, ta ɗauko bandar kifi daga Nguru, ta kai amare, ta kai gawa. Kakanninmu jirgin ƙasa suka sani, wanda layinsa ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930, shi ke kwashe gyaɗa. Mu da muka taso jirgin ya riga ya ja baya, irin waɗannan motoci muka tarar suna ɗauke da garin. Da aka raba gado sai ta faɗo a kasona.

A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jihar Jigawa mummunar ɓarna, ruwa ya yanke hanyoyi da dama a ƙasar Haɗejia, direbobi suka koma ratse ta cikin gonaki da burtali. Wata rana ina cikin irin wannan ratse, da buhuna a baya, na ji wani abu ya daki cikin motar daga ƙasa, dum! Na tsaya, na leƙa, ban ga mai yana zuba ba, ban ga ruwa ba, sai taɓo da ya lulluɓe komai. Na ce alhamdu lillahi, na wuce.

Bayan kamar mako uku mota ta mutu mini a bakin gari, alhali allurar gejin mai tana tsaye cak a kan kwata. Na zargi fulogi, na zargi kafireta, na zargi batir. Daga ƙarshe wani yaro ya kawo galan ɗaya aka zuba, ta tashi. Ranar na gane cewa allurar tana sauka daidai daga cike zuwa rabi, daga rabi zuwa kwata, amma daga nan ba ta ƙara motsi, ko da tankin ya bushe ƙaraf. Ita ma 'yar fitilar gargaɗin nan da ke kamawa idan mai ya kusa ƙarewa ta daina kamawa.

Maimakon in gyara, sai na koyi zama da ita. Na riƙa lissafi a ka: lita nawa na zuba, tafiya nawa na yi, saura nawa. Da allura ta taɓa kwata sai in fara neman gidan mai ko ɗan bumburutu. Na ƙware a wannan lissafi har na fara jin daɗin kaina, ina ganin na san motata fiye da yadda gejinta ya san ta.

Abubuwa biyu suka sa wannan ƙaramin aibi ya girma. Na farko ba laifina ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000 a wurare da yawa. Mahaifinmu mutum ne mai cika tanki, allurarsa kullum tana sama da rabi. Da a zamaninsa abin ya faru, wataƙila har ya bar duniya bai lura ba. Mu kuwa lita goma muke zubawa, wani lokaci biyar. Wato rayuwar motar gaba ɗaya ta koma cikin wannan kwatan na ƙasa, daidai wurin da geji ya makance.

Na biyun kuwa laifina ne tsantsa. Tsadar mai ta sa na ƙudurta sayar da motar. Garinmu kuma ƙarami ne, maganar da ka faɗa a tasha da hantsi za ka tarar da ita a bakin dillali kafin la'asar. Sai na yi shiru. Ban gaya wa ƙanena ba, wanda yakan ɗauke ta lokaci-lokaci, sai dai in tabbata na zuba mai kafin in miƙa masa makulli. Ban gaya wa iyalina ba. Na riƙa gaya wa zuciyata cewa ai ranar ciniki zan bayyana wa mai saye komai. Allah Shi ne masanin ko da zan bayyana ɗin.

Wani dare cikin hunturun da ya gabaci azumin 2025 na kwana a Kano, wayata a kashe tana caji a shagon wani. Wajen ƙarfe ɗayan dare naƙuda ta tsananta ga matar maƙwabcinmu, wadda ta wuni a kan gwiwa, aka ce sai dai a kai ta Haɗejia. Aka buga ƙofar gidana, uwargidana ta miƙa makulli ba tare da wani tunani ba, kuma abin da ya kamace ta ke nan. Ƙanena ya murɗa, ya dubi geji, ya ga kwata. A tankin da ke cin kusan lita 70, kwata ya isa a je Haɗejia a dawo har a yi ragi. Abin da ke ciki a zahiri bai wuce lita uku ko huɗu ba, ni kaɗai a duniya na san haka, ina kuma barci a Kano.

Sun ci kusan rabin hanya motar ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu ta mutu. Babu gari kusa, babu mota mai wucewa, ga sanyin fadama, ga mace tana kiran sunan Allah a bayan mota. Ƙanena ya ɓata kusan rabin awa yana duba wayoyi da fitilar salula, domin ina dalilin da zai zargi mai alhali ga allura tana ce masa akwai? Sai da ya cire tiyon da ke kai mai kafireta ya ga a bushe. Ya bar su nan ya sheƙa da ƙafa zuwa wani ƙauye, ya tayar da mai sayar da fetur daga barci, ya dawo a bayan babur da galan guda. Kafin mai ya sake hawowa injin ya tashi, an yi asarar fiye da awa ɗaya da rabi.

Allah cikin rahamarSa Ya kuɓutar da ita da abin da ta haifa. Aiki aka yi mata, aka ƙara mata jini, ta yi kwanaki a kwance. Da na dawo, mijinta ya zo har zaure da ƙullin goro yana yi mini godiya, yana cewa, "Malam, ba don motarka ba da yanzu wani zancen ake yi." Ƙanena kuma ya same ni gefe, idonsa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ka yafe mini, ni ne ban duba da kyau ba." Mutanen unguwa suka ce ƙaddara ce, kuma gaskiya suka faɗa, babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarawar Ubangiji. Amma ni na san cewa imani da ƙaddara bai taɓa zama mafakar wanda ya san raƙuminsa a kwance yake ya ƙi ɗaurewa ba. Na karɓi goron. Na ce wa ƙanena ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ta fi kowace kalma da na taɓa furtawa nauyi a bakina.

Kwana uku bayan haka na kai motar Haɗejia. Duk wanda na yi wa bayani a garejin amsa ɗaya yake ba ni: geji ya mutu, a aika Kofar Ruwa a Kano a sayo wani. Sai aka nuna mini wani dattijo mai gyaran wayoyin mota, wanda kowa ke kira Baba, yana zaune a kan tsohuwar kujerar bas a gindin dalbejiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kafin mu kashe kuɗinka bari mu tambaye ta. Allura ba ta taɓa ganin mai da idonta ba. Labari ake kawo mata."

Ga yadda ya fahimtar da ni, kuma ina ganin duk mai tsohuwar mota zai amfana da shi. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙwallo marar nauyi, ɗaure a bakin siririn hannu na ƙarfe. Yana yawo a saman mai kamar yadda masunci ke yawo a kan gora a kogin Haɗejia: ruwa ya taso ya taso, ruwa ya janye ya sauka. Ɗaya bakin hannun yana gogar wata siririyar waya da aka nannaɗe, kuma wurin da ya tsaya a kanta shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta ratsa ta kai ga geji. A irin tsarin motata, wuta mai yawa tana nufin tanki a cike, kaɗan tana nufin ya kusa ƙarewa. Baba ya ce akwai motocin da nasu akasin haka ne, musamman wasu na Amurka, don haka wanda bai san tsarin motarsa ba zai iya yin gwaji daidai ya karanta shi a baibai.

Ya sa yaronsa ya murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, ya zare wayar da ke fitowa daga kan tanki. Allurar da ta shekara biyu da wani abu ba ta sauka ƙasa da kwata ba sai ga ta ta zube har ƙasa. "Ka gani," in ji shi, "ba maƙalewa ta yi ba. Ta iya sauka, ba a dai ce mata ta sauka ba ne." Sannan ya ɗan taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen mota na ɗan lokaci kaɗan, allura ta haura zuwa cike. Da wannan gwaji biyu ya wanke geji da wayar da ke tsakani, waɗanda su ne kowa ya yanke wa hukunci. Ya tambaye ni ko allurar zafin injin ita ma tana wuce gona da iri, domin a wasu tsofaffin motoci akwai wata 'yar na'ura da ke daidaita wutar da ke shiga su biyun, idan ta lalace tare suke yin ƙarya. Na ce a'a, waccan lafiyarta ƙalau. Ya kankare tsatsar da ke wurin da wutar ke komawa jikin mota, ko da yake ya ce a wannan tsari tsatsa tana sa geji ya rage ne, ba ya ƙara ba.

Da aka zo buɗe tanki sai fuskarsa ta canza. Ya sa aka cire kan batir, ya kori wani matashi da ke riƙe da sigari har sai da ya tsallaka titi, ya hana a kusanto da kowace irin wuta. Babu wanda ya yi masa gardama. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejia, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya gafarta musu. Baba ya ce tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kamawa, shi kuwa a wurin da babu mai yake taruwa.

Ya zaro ƙwallon da hannunsa gaba ɗaya. Ya girgiza shi kusa da kunne, ko ya huje ya sha mai; babu komai a ciki, kuma ya ce wanda ya huje nitsewa yake yi ya nuna babu alhali akwai, wanda ba ita ce matsalata ba. Ya duba nannaɗaɗɗiyar wayar ko ta cinye, ya ga da sauranta. Aka toshe bakin tanki, aka ja abin nesa da shi da doguwar waya, aka mayar da batir, ya riƙa ɗaga hannun a hankali yana saukewa, yaronsa yana kallon geji yana faɗa: cike, rabi, kwata, ƙasa. Har 'yar fitilar gargaɗin ta kama. Komai lafiya lau.

Nan Baba ya yi shiru, ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Ni kuwa a tsaye sai wani darasi na makarantar zaure ya faɗo mini, kuma ina neman afuwar malamai, ba ina daidaita ilimin hadisi da tankin mota ba ne. Masana hadisi suna da wani babi da suke kira illa: ka bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya ka tarar kowanne amintacce ne, isnadi a zahiri ba shi da tabo, amma akwai wani ɓoyayyen aibi wanda sai gwanayen gwanaye irin su Aliyu ɗan Madini da Daraƙuɗni ke iya hango shi. Ga ƙwallo amintacce, ga hannu amintacce, ga waya, ga allura, kowa ya isar da abin da ya ji ba ƙari ba ragi, kuma labarin ƙarya ne.

Sai ya ce a miƙo masa kara. Ya zura shi ta bakin tankin har ya taɓa ƙasa, ya yi alama da farce, ya zaro ya gwada da tsawon hannun ƙwallon idan ya sauka iyakar saukarsa. Karan ya gaza da kusan yatsa uku. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar da kansa, ya kankare busasshen taɓon da ya kwana biyu a wurin, sannan ya kira ni. Gindin tankin ya lotsa ciki, ya yi tudu daidai ƙarƙashin ƙwallon, kamar an sa gwiwa an danna ƙwarya. Mai yana ci gaba da janyewa ta gefe da gefe har ya ƙare, ƙwallon kuwa ya riga ya sauka a kan tudunsa ya zauna, yana aika labarin cewa har yanzu a kan mai yake.

"Yaushe ka daki kututture?" Haka ya tambaye ni, ko ɗagowa bai yi ba. Na ce daminar 2022. Ya ce, "Kuma tun lokacin ka san tana yin haka?" Na ce na sani, Baba. Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da kankare taɓo.

Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta babin ciniki, inda aka jera ɓoye aibin haja tare da algus da yaudara cikin abubuwan da ba su halatta ba. Na karanta, har na taɓa karantar da wasu. Mun kuma san abin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, game da ranar da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya kawo uzurin ruwan sama, aka nuna masa cewa wurin jiƙaƙƙen a sama yake inda masu saye za su gani. Abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba shi ne, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba. Ruwan sama ne, kamar yadda ni ma ambaliya ce ta tura ni kan kututture. Laifin ya fara ne daga inda aka zaɓi abin da za a sa a sama.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ai ba a yi cinikin ba tukuna, saboda haka ban ɓoye wa mai saye komai ba. Ta fuskar hukunci wataƙila haka ne, wannan na bar wa malamai. Amma don in tsare farashin motar a gaban wani baƙo da ban ma san shi ba, na ɓoye aibin ga ɗan'uwana na jini da matar da ke riƙe da makullin. Kuma a duk tsawon wannan lokaci, idan na duba kaina da dare, ban taɓa ganin maƙaryaci ba. Ina ganin mutum mai salla a sahun gaba, mai ɗan sakaci kaɗan. Mafi munin abin da zuciyata ta yarda ta nuna mini game da kaina shi ne "da dama-dama". Ƙasa da nan ba ta sauka.

Gyaran bai ci kuɗin da gejin Kofar Ruwa zai ci ba. Aka sauke tanki, aka wanke shi da ruwa da sabulu sau da yawa, aka bar shi ya sha iska. Baba ya hana mai gyaran bodi kusantarsa da wutar walda. Da guntun icce aka zura ta baki aka riƙa dannawa ana bubbugawa a hankali har tudun ya kwanta, ko da yake bai koma sumul kamar da ba. Da aka mayar, sai ya ƙi yarda da idonsa. Ya sa na sayo mai, muka riƙa zuba lita biyar-biyar a busasshen tanki, kowane zubi yana ɗiga ɗigon fenti a kan gilashin geji daidai inda allura ta tsaya. Ɗigo huɗu muka yi kuɗina suka ƙare. Ya ce sun isa, tunda a nan ƙasan muke rayuwa.

Ƙanena na fara gaya wa, a daren da na dawo. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, "Yaya, rabin awar nan da na yi ina duba waya fa?" Ban sami abin da zan ce masa ba. Ya fi mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Maƙwabcina kuwa sai ranar suna na iya, bayan an watse, yana naɗe tabarmi. Na gaya masa tun daga kututturen har zuwa dillalai, ban rage komai ba. Ya tsaya da tabarma a hannu yana kallona. Ya ce, "Malam, da ka bar ni da godiyata." Can ya ce shi nasa ya yafe, amma ba shi ya kwanta a bayan motar ba, sai in aika iyalina su gaya wa mai ɗakinsa, ita ke da hakkin. Uwargidana ta shiga washegari da safe, ta daɗe a ciki. Da ta fito na tambaye ta me ta ce. Ta ce ba ta ce komai ba, jaririn kawai ta miƙo mata ta riƙe.